Kafin vivy ta bi sawun 'yar uwarta

Hoto ɗaya tilo aka sani na wata 'yar tsuntsuwar ruwa da ta rayu a tafkin Alaotra na ƙasar Madagaska. Hoton ma dishi-dishi ne, tana kan ruwa, wuyanta a miƙe. A shekarar 1982 masu bincike sun ƙirga goma sha biyu a tafkin. A 1985 aka ga biyu, daga nan ba a sake ganin ko ɗaya ba. An yi ta komawa ana dubawa cikin kwale-kwale, ana kutsawa cikin ciyayi, ana tambayar masunta, har shekara ashirin da biyar. A watan Mayu na 2010 ƙungiyar BirdLife mai kare tsuntsaye ta sanar da cewa irin wannan tsuntsuwa ya ƙare a doron ƙasa.

Mutanen Madagaska suna kiran wannan dangi na tsuntsaye vivy. Wanda ya taso kusa da tafki ko fadama a ƙasar Hausa ya san 'yar uwarsu, ko da bai san sunanta ba: wata 'yar kazar ruwa ce mai nutso, ba ta da wutsiyar kirki, kana kallonta za ta ɓace cikin ruwa, sai can ka ga ta ɓullo a wani wuri. Wadda ta ƙare ita ce vivy ta Alaotra. Amma akwai wata da ta saura, vivy ta Madagaska, wadda babu ita a ko'ina a duniya sai a wannan tsibiri. Ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari, ta saka ta cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma ƙiyasin da ake yi shi ne ba su kai dubu biyar ba. Duk abin da ya kashe ta farkon yana nan yana bin ta biyun. Saboda ita nake wannan rubutu.

Tsuntsuwa ce ƙarama, tsawonta kamar santimita 25. Lokacin aure kanta kan yi baƙi kamar ta sa hula, da jan tabo a bayan kunne, da jan ido. Ƙafafunta suna can baya daf da gindi, yatsunta masu faɗi kamar ganye, shi ya sa a cikin ruwa babu mai kama ta, a tudu kuwa da ƙyar take takawa. Abincinta ƙwarin ruwa ne da ƙananan kifaye. Sheƙarta ma a kan ruwa take: ta tara ciyawa ta yi ɗan dandali mai yawo, ta maƙala shi jikin bado ko wata ciyawar ruwa, idan za ta tashi ta rufe ƙwan da ganye. 'Ya'yan da ta ƙyanƙyashe a bayanta suke hawa, tana yawo da su tsakanin ganyen bado. Duk rayuwarta, daga ci har haihuwa, ta rataya ne a kan abu guda: tafki mai ruwa garau, mara zurfi sosai, mai yalwar bado. Ka cire badon, ka gama da ita ko ba ka taɓa ta ba.

To wa ya cire badon? A nan ne nake ganin ana yawan yi wa talakan Madagaska rashin adalci. Da zarar an tashi maganar halittun tsibirin, hoton da ake nunawa shi ne na manomi yana ƙona daji ko masunci da ragarsa, kamar su ne mafarin ɓarnar. Tarihin tafkin Alaotra bai nuna haka ba. A shekarun 1950, lokacin Faransa na mulkin tsibirin, hukumomi ne suka ɗauko karfasa daga nahiyar Afirka suka zuba a tafkunan ƙasar, da niyyar a samu kifin ci. Wasu nau'o'in karfasar ciyawa suke ci, suka bi bado da sauran tsirran ruwa suka kwashe. Aka kuma kawo wani kifi mai cin nama daga Amurka, mai faɗin baki, wanda masu kamun ƙugiya don nishaɗi suke so. A ƙarshen shekarun 1970 aka ƙara da wanda ya fi su duka illa, wani kifi daga Asiya da mutanen wurin ke kira fibata, ɗan uwan tufi namu. Fibata yana iya shaƙar iska, yana jure ruwan da ya ɓaci, kuma yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa, har ɗan tsakon tsuntsu. Babu ɗaya cikin waɗannan kifaye da masuncin Alaotra ya shigo da shi tsibirin. Daga ofis aka yanke shawara.

Ba ina cewa waɗanda suka yi haka mugaye ne ba. Na yarda da yawansu alheri suka nufa: ga mutane na bukatar nama, ga ruwa, ga kifi mai saurin hayayyafa. Amma garin neman gira aka rasa ido. Madagaska tsibiri ne da ya rabu da sauran ƙasa tun miliyoyin shekaru, halittunsa suka tashi su kaɗai ba su san irin waɗannan maƙiya ba. Tsuntsuwar da kakanninta ba su taɓa haɗuwa da irin wannan kifi mai cin tsako ba, ba ta da dabarar kare 'ya'yanta daga shi. Kuma kifin da aka zuba a tafki ba a kwashe shi. Wannan ne ya fi ci mini rai a cikin lamarin duka. Dajin da aka sare ana iya sake dasawa, dokar da aka yi ba daidai ba ana iya sokewa, amma babu hukumar da ta isa ta fitar da fibata daga Alaotra yau.

Bayan kifi sai raga. Ragar da ake saƙawa da zaren roba siriri, wadda ba a ganinta cikin ruwa, ta bazu a tafkunan tsibirin saboda arha da ƙarko. Ga tsuntsun da ke cin abinci a saman ruwa ba wata matsala ba ce. Ga mai nutso kuwa tarko ce: ta shiga ƙasa bin ƙwaro, ta sarƙe, ta kasa fitowa shan iska. Masunci ya zo da safe ya tarar da ita a mace. Bai fito farautarta ba, kuma ba wani naman kirki gare ta ba.

Sai kuma shinkafa. Mutanen Madagaska suna cikin waɗanda suka fi kowa cin shinkafa a duniya, da yawa sau uku a rana, kuma kwarin Alaotra shi ne rumbun ƙasar. Fiye da mutum rabin miliyan ke zaune a kewayen tafkin. Kowace shekara ana cinna wa ciyayin bakin ruwa wuta a lokacin rani, wasu don su buɗe sabuwar gona, wasu don su samu wurin kafa raga. Duwatsun da ke kewaye an sare itatuwansu, ruwan sama yana yanka manyan kwazazzabai da ake kira lavaka, yana kwaso jar ƙasa yana zubawa a tafkin. Tafkin da dama ba shi da zurfi sai ƙara cikewa yake, ruwan ya zama ja, hasken rana ba ya kaiwa ƙasa, tsirrai ba sa fitowa. Abin da ya faru a Alaotra shi ke faruwa a ƙananan tafkuna birjik a yamma da tsakiyar tsibirin, inda vivy ta Madagaska take. Yau a mayar da wannan tafki gonar shinkafa, gobe a zuba wa wancan karfasa.

Akwai wani abu na huɗu mai ban tausayi. Da karfasa ta share ciyayi, ruwa ya buɗe, sai yanayin ya dace da waccan 'yar kazar ruwa da muka sani, wadda ke ko'ina a Afirka da Turai da Asiya. Ta yaɗu a tsibirin. A Alaotra ta riƙa barbara da vivy ta wurin har jininsu ya gauraye, irin na asali ya narke. Masana na fargabar gogayya da ita da irin wannan gauraya ga wadda ta saura. Ita baƙuwar ba ta da laifi. Sai da bango ya tsage ta samu wurin shiga.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu, don ni ma an sha yi mini ita. Madagaska na cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya, kusan kashi uku cikin huɗu na mutanenta suna ƙasa da layin talauci, kudancinta na fama da fari da yunwa, guguwar teku na rushe gidaje kusan kowace damina. A irin wannan ƙasa, wa ke da bakin maganar tsuntsu? Tambaya ce mai nauyi, ban ɗauke ta da wasa ba. Wanda ya ce wa uwa ta bar 'ya'yanta da yunwa don wata tsuntsuwa ta samu wurin ƙwai, bai san yunwa ba, kuma ba za a saurare shi ba.

Amma a duba abin da ya samu mutanen Alaotra bayan tsuntsuwar ta tafi. Ba su yi arziki ba. Kifin da ake kamawa ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun baya, masunta sun ƙaru, idon raga sai ƙara ƙanƙancewa yake har ana kama 'ya'yan kifin da ba su isa haihuwa ba. Yashi da laka suna toshe magudanan ban ruwa, suna binne gonakin shinkafar da aka ƙona ciyayi dominsu. Ciyayin nan da ake ƙonawa su ne matatar ruwan, su ne wurin da kifi ke zuba ƙwai, su mata ke yanka suna saƙa tabarmi da kwanduna. Ruwa ba ya tsami banza. Ranar da mai nutso ta kasa rayuwa a tafki, tafkin ya riga ya kamu da ciwo, ita ce kawai ta fara faɗuwa don ta fi kowa rauni. Masunci yana bayanta a layi. Saboda haka ban yarda cewa zaɓi ne tsakanin tsuntsu da mutum ba. Bado ɗaya suke dogara da shi, ruwa ɗaya.

Ko da ma babu wannan amfanin, ina da wani dalili da ba na jin kunyar faɗa. An tashe mu a kan cewa tsuntsaye al'umma ce kamar mu, kuma amana ce a hannun ɗan Adam. Mutuwar tsuntsu ɗaya abu ne na kullum. Shafe iri ɗungurum, yadda har tashin duniya ba za a sake ganin mai kamarsa ba, wani abu ne daban, kuma ban ga wanda aka ba izinin yin haka ba.

Abin da ya sa hankalina ya ƙi kwanciya shi ne wannan dangi na tsuntsaye ya riga ya nuna yadda yake ƙarewa. A Kolombiya akwai irinsu da aka yi wa ganin ƙarshe a tafkin Tota a 1977. A Guwatemala akwai wata babba da ba ta iya tashi, a tafkin Atitlan. Aka zuba wa tafkin kifin nan mai faɗin baki na Amurka wajen 1960 don jawo 'yan yawon buɗe ido, kifin ya cinye abincinta da 'ya'yanta, aka yanke ciyayin da take sheƙa, girgizar ƙasa ta 1976 ta rage ruwan, zuwa ƙarshen shekarun 1980 ta ƙare. Sai ta Alaotra. Iri uku cikin ƙasa da shekara arba'in, a nahiyoyi daban-daban, kuma kusan labari ɗaya: baƙon kifi, ɓatan ciyayi, raga. Wanda ya ga wannan sau uku ba shi da uzurin cewa na huɗun ya zo masa ba zato.

Duk da haka ba na cikin masu cewa an gama. A wannan tsibirin dai akwai wata agwagwar ruwa mai nutso, wadda aka yi wa ganin ƙarshe a Alaotra a 1991, har aka fara cire rai. A 2006 wani masanin tsuntsaye ɗan ƙasar, Lily-Arison René de Roland, da ke aiki da ƙungiyar Peregrine Fund, ya tarar da 'yan kaɗan a wani ƙaramin tafki a kan tsaunukan Bemanevika da ke arewa. Duka-duka ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Abin lura shi ne dalilin da ya sa suka tsira a can: wurin yana da nisa da wuyar shiga, ba a noma shinkafa a tafkin, kuma ba a taɓa zuba masa baƙon kifi ba. Vivy ta Madagaska ma tana rayuwa a waɗannan tafkuna. Ƙungiyoyin Durrell da WWT masu kare namun daji tare da gwamnatin ƙasar suka ɗebi ƙwai suka ƙyanƙyashe, suka yi kiwo shekara da shekaru, a watan Disamba na 2018 suka saki 21 a tafkin Sofia. Kafin sakin sun daɗe suna aiki da ƙauyukan da ke kewaye kan yadda za a yi noma da kamun kifi ba tare da kashe tafkin ba. Shekara guda bayan haka aka ga 'yan tsaki a kan ruwan.

Labari ne mai daɗi, amma ina so a karanta shi da idon basira. An kashe kuɗi mai yawa da shekaru fiye da goma kafin a dawo da agwagwa ɗaya daga bakin kabari. Vivy ba ta kai wannan matsayi ba tukuna. Har yanzu tana warwatse a tafkuna da dama, tana haihuwa da kanta. Kare ta a yau ya fi sauƙi nesa ba kusa ba fiye da ranar da za ta rage ashirin. Sai dai masu ba da tallafi sun fi son ceto na ƙarshe, mai hoto da labari, kuma sun fi son dabbobin da ke jawo baƙi. Madagaska ta yi suna da birran nan nata masu manyan idanu, su ake bugawa a kalanda. 'Yar tsuntsuwa mai launin toka da ke ɓoye cikin bado ba ta da mai tallata ta. Haka aka yi da ta Alaotra, sai bayan ta ɓace aka fara nemanta da gaske, ihu bayan hari.

Idan da za a tambaye ni inda ya kamata a fara, zan ce a fara da tafkunan da baƙon kifi bai shiga ba tukuna. A san su ɗaya bayan ɗaya, a kuma haramta zuba musu kowane irin kifi, ko da sunan tallafin abinci ne, ko wace ƙungiya ce ta kawo. Kiwon kifi abu ne mai kyau, amma a yi shi a kududdufin da aka haƙa dominsa, nesa da inda ambaliya za ta kwashe shi zuwa tafki. Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa, yana bukatar hukumar da za ta iya cewa a'a ga aikin da ya zo da kuɗi a hannu.

Batun raga kuwa, kama masunci da ƙona masa kayan aiki ba zai kai ko'ina ba. Gobe zai ci bashi ya sayi wata, ya kuma ƙara da ƙiyayyar tsuntsun da ya jawo masa asara. Abin da ya yi aiki a tsibirin shi ne mayar wa mutane ikon ruwansu. A 1996 Madagaska ta yi dokar da ta ba al'ummomi damar karɓar ragamar kula da albarkatun yankinsu. A tafkunan Manambolomaty da ke yamma, ƙungiyoyin masunta sun karɓi wannan iko, suka jingina shi da al'adarsu ta gado. Suna da mai riƙe da ruwa da suke kira tompondrano, shi ke buɗe lokacin kamun kifi da rufe shi, kuma akwai ƙa'idar irin ragar da aka yarda da ita da wuraren da ba a taɓawa. Bahaushe ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin aikin Sarkin Ruwa ke nan. Kifin da ake fitarwa a Matan Fada ranar bikin Argungu yana girma ne saboda an hana taɓa wurin sauran shekara, kuma mutane suna bin hanin don daga nasu ya fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masuncin da ya san tafkin nasa ne, kuma 'ya'yansa za su gaje shi, shi zai fara hana baƙo kafa raga a cikin bado lokacin da tsuntsaye ke kwanci.

Ina ƙara da abin da ba a cika son ji ba: wanda aka ce ya bar wani yanki na ruwa ko ya daina ƙona ciyayi, a biya shi, ko a ba shi abin da zai maye gurbin. Ƙasashen da ke da arzikin damuwa da tsuntsayen duniya, ciki har da wadda ta zuba karfasar tun farko, su ya kamata su ɗauki wannan nauyi. Bai dace a ɗora wa mai kwale-kwale ɗaya kuɗin gyaran kuskuren da aka yi tun kafin a haife shi ba.

Mu ma da ke nesa ba 'yan kallo ba ne ƙwarai. Wanda ya san dausayin Hadeja da Nguru ya ga yadda sauya tafiyar ruwa bayan gina madatsun Tiga da Challawa ya ba kachala damar mamaye hanyoyin ruwa da gonaki, masunta da manoma suka rasa wuraren da suka gada. A can ciyawa aka rasa, a nan ciyawa ce ta yi yawa, amma tushen ɗaya ne: an taɓa ruwa daga nesa ba a tambayi na bakinsa ba. Bambancin shi ne tsuntsayenmu suna da inda za su gudu, akwai irinsu a wasu ƙasashe. Vivy ba ta da wani wuri bayan Madagaska. Teku ya kewaye ta ta ko'ina, kusan kilomita 400 tsakaninta da gaɓar Mozambik, kuma ko ta iya ƙetarawa babu tafkin da ke jiranta.

An saka Alaotra cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2003, shekara goma sha takwas bayan ganin ƙarshe da aka yi wa tsuntsuwar da ke ɗauke da sunansa. Takardar ta zo, mai ita ba ta nan. Ƙananan tafkunan yamma da vivy ta Madagaska ke kwanci a cikinsu yawancinsu ba su da ko irin wannan takarda, wasu ma sai mutanen ƙauyen kusa ne suka san sunansu. A cikinsu ne a wannan daminar wata za ta tara ciyawa ta maƙala a jikin bado, ta rufe ƙwanta da ganye, ta nutsa neman abinci a ruwan da wataƙila an kafa raga a cikinsa daren jiya.